Babi na Huɗu: Awa Biyar a Aji Biyu

Wanda ya bar Dutsin-Ma ya nufi yamma ya shiga ƙasar Safana zai riƙa cin karo da gini iri ɗaya a bakin kusan kowane gari: dogon ɗaki mai azuzuwa biyu ko uku a jere, fenti ya koɗe, an rubuta sunan hukumar da ta gina shi a bango, ga sandar tuta a tsakar fili, ga itacen bedi da malamai ke ajiye baburansu a gindinsa. Haka abin yake a Runka da Zakka da Baure da Tsaskiya, haka kuma yake a Babban Duhu, garin da mazaɓu 2 cikin 10 na ƙaramar hukumar Safana ke ɗauke da sunansa. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, Batsari tana arewa da ita, dajin Rugu kuma ya tokare ta daga yamma.

Firamare ta yaɗu a irin waɗannan garuruwa ne daga 1976, shekarar da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa. Da ya dawo mulki a farar hula, ya ƙaddamar da shirin UBE na ilimin matakin farko ga kowa a Sakkwato a 1999. Dokar 2004 kuma ta ce shekara 9 na farkon karatun yaro, 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare, kyauta ne, kuma dole ne.

Idan aka tashi lissafa abin da ke damun waɗannan makarantu, da rufin da iska ta yaye ake farawa, sai benci, sai ban-ɗaki, sai rijiya. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya zauna a aji daga safe har aka tashi zai lura cewa abin da ya fi komai ƙaranci shi ne lokaci, wato mintocin da malami da yaro ke haɗuwa a kan harafi da lamba. Tsakanin ƙarfe takwas da ƙarfe ɗaya akwai awa 5. Wannan babi zai bi su ɗaya bayan ɗaya a aji biyu, domin a wannan aji ne ake gane yaron da zai iya karatu da wanda zai kai aji shida yana kwafar abin da bai san ma'anarsa ba.

Kafin a kaɗa ƙararrawa

Ɗan aji biyu ba daga barci yake zuwa makaranta ba. Tun bayan sallar asuba ya je makarantar allo ya biya karatunsa. Daga nan wani ya tafi ɗebo ruwa, wani ya zuba wa tumaki harawa, yarinya kuma ta zaga unguwa da ƙosai ko koko, ba ta da ikon sa kayan makaranta sai ta kawo ciniki gida. Saboda haka ba a shiga makarantar a tare. Ana tsiyayowa ne biyu-biyu, uku-uku, wasu da yunifom, wasu da rigar makaranta da wandon gida, littafi a cikin leda ko cikin jakar da aka ɗinka da buhun taki.

Aikin farko shara ne. Waɗanda suka riga zuwa su share aji da fili, mata da tsintsiya, maza suna tsintar leda da karare, ƙura ta tashi ta koma kan benci. Sannan mai kula da lokaci ya ɗauki guntun ƙarfe ya buga tsohon garen mota da aka rataye a reshe. Ita ce ƙararrawar, kuma har cikin gari ana jin ta.

A wurin asambili kowane aji da layinsa, gajeru a gaba. A yi addu'a, a rera taken ƙasa, a karanta alkawarin biyayya ga ƙasa, malamin da ke kan aiki a wannan mako ya bi layi yana duba farce da kai da wanki. A watan Mayun 2024 gwamnatin tarayya ta dawo da tsohon taken da aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Mafi yawan malaman firamare na yau ba su taɓa rera shi a makaranta ba, don haka sai da suka fara koyonsa daga waya kafin su koya wa yara. Taken da alkawarin duka da Turanci ake yin su, yaran kuma suna bin amo ne kawai. Bayan an watse sai a juya kan 'yan latti da aka tsare a gefe: wasu su sha tsumagiya, wasu a sa su tsallen kwaɗo ko tsintar bola. Kafin ƙura ta lafa kowa ya zauna a aji, an ci wani yanki na darasin farko.

Kiran suna

Malam na shigowa monita zai buga benci, aji ya miƙe, a gaishe shi da Turanci cikin murya ɗaya mai ja. Sai ya buɗe rajista. Kiran suna a aji mai yawa aiki ne mai zaman kansa, domin A'isha ta kan kai biyar, Abdullahi ya kai shida, sai an haɗa da sunan uba ko na unguwa. In aka kira wanda bai zo ba, aji ne ke ba da dalili: “Malam, ya tafi gona.” “Malam, zazzaɓi take yi.” “Malam, sun tashi, sun koma Dutsin-Ma.” A kusurwar allo sai a rubuta adadin maza da na mata da jimla. Wannan 'yar kusurwa ta fi kowane rahoto faɗin gaskiyar makaranta, domin sunayen da ke cikin rajista daban, kawunan da ke cikin aji daban.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A ƙananan azuzuwan garuruwan Katsina, aji mai yara 80 ba abin mamaki ba ne, musamman inda mutanen ƙauyuka suka taso suka taru a gari ɗaya. Darasi kuwa minti 30 zuwa 35 ne. Ko da malam bai yi komai ba sai bin yara ɗaya-ɗaya, kowane yaro cikin 80 ba zai samu rabin minti ba.

Zama ma yana da nasa tsari wanda ba wanda ya rubuta shi. Bencin da aka yi don yara uku yana ɗaukar biyar, kuma masu ƙarfi ne ke samunsa. Ƙanana suna gaba a ƙasa, kan tabarma ko buhu, littafi a kan gwiwa. Mata a gefe guda, wata da ƙaninta a cinya saboda uwa ta fita aiki. Can baya kuma akwai manyan yara da aka sa makaranta a makare, masu jin kunyar a tambaye su su kasa a gaban ƙannensu. Idon malam da muryarsa sun fi tsayawa a layuka uku na gaba. Yaro na iya shekara a lungun baya ba a taɓa kiransa gaban allo ba.

Darasin karatu

Malam ya rubuta jimla a allo, ya nuna ta da sanda, ya karanta. Aji ya amsa. Ya maimaita, a maimaita, har sau goma, murya tana ƙara ƙarfi har ana ji daga bakin hanya. Sai ya juyo ya ce, “Kun gane?” Aji ya ce, “E, Malam!” Mai wucewa zai ce karatu ya kankama.

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da ya shiga ita ce a kira yaro ɗaya, a nuna masa kalmar ƙarshe ta jimlar a ce ya karanta. Sau da yawa sai ya faro daga kalmar farko ya rero jimlar duka, domin kunnensa ne ya ɗauka, idonsa bai san inda wata kalma ta ƙare wata ta fara ba. In aka goge allo aka rubuta kalmomin a wani jeri daban, sai ya yi tsit. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Yana da kaifin hadda, kuma abin da aka nema daga gare shi ke nan, ya bayar. Malam ma ba mugunta ya yi ba: amshi ne kaɗai hanyar da mutum ɗaya zai riƙe yara 80 a lokaci guda ba tare da aji ya rikice ba.

Bayan amshi sai kwafa. Allon siminti ne da aka shafa wa baƙi, wani lokaci da gawayi ko da baƙin cikin tsohon batir, ya yi fari-fari har allin ba ya fitowa sosai. Mai fensir ya kwafa, marar fensir ya jira a ara masa, wani ya raba nasa biyu da reza ya ba abokinsa. Littafi ɗan arba'in guda ɗaya shi ne na Hausa, shi ne na lissafi, shi ne na Turanci. A nan ake ganin sawun makarantar allo: yaro ya buɗe littafin daga baya, ko ya fara rubutu daga dama zuwa hagu, ko ya juya b ta zama d. Malamin da ya san aikinsa ba ya dukan yaro a kan wannan, domin alama ce ta cewa hannun ya riga ya saba da rubutu, juya shi kawai ake bukata.

Abin da ke ba mutum takaici shi ne, koyon karanta Hausa ba shi da wuya ga mai jin Hausa. Wasula 5 ne: a, e, i, o, u. Baƙaƙe kuwa kusan kowanne sauti ɗaya yake wakilta, har da masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da masu haɗaka irin sh da ts. Yaron da ya san sautin b, ya iya haɗa shi da wasali ya samu ba, be, bi, bo, bu, ya kama hanya. Da ya haɗa gaɓa biyu ya ji bakinsa ya furta “baba” ko “gero”, kalmar da ya sani tun yana goye, to ya gano sirrin rubutu, sauran sai yawan yi. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, amma mai harshen yana cike wannan giɓi da kansa daga ma'anar jimla. Turanci ba haka yake ba. Harafi ɗaya yana da furuci iri-iri, ga shi kuma yaron Babban Duhu ba ya jin harshen a gida, ba ya jin sa a kasuwa. Idan aka fara masa da Turanci an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe, kuma yawanci duka biyun ne ke zubewa.

Wannan hanya ta hawa daga harafi zuwa gaɓa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo yaro yana fara babbaƙu, ya san haruffa tsirara, sannan ya shiga farfaru, ya koyi yi musu wasali, kafin ya kai ga haɗa kalma. Kuma kowane almajiri da allonsa, ba a wanke masa sai ya biya a gaban malam shi kaɗai. Ajin boko ya fi makarantar allo kayan aiki da tsarin darussa, amma ya rasa wannan abu guda: lokacin da malami zai saurari yaro ɗaya.

An gwada gyara. Daga 2015 shirin RANA, wanda UNICEF ta kawo da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ƙungiyar FHI 360 kuma ta gudanar, ya shiga wasu makarantun Katsina da Zamfara da littattafan karatu da lissafi na Hausa don aji ɗaya zuwa uku, da jagoran malami mai darasin kowace rana. A Bauchi da Sakkwato an yi makamancinsa mai suna Mu Karanta da tallafin Amurka. Tsarin darasin iri ɗaya ne: malam ya yi yara na kallo, a yi tare, sannan yara su yi da kansu, biyu-biyu, yatsa a kan kalma, shi kuma yana zagawa yana saurare. Mataki na ukun nan shi ne wanda ajin amshi ba ya kaiwa gare shi. Sai dai shirin da ya dogara da kuɗin waje yana da ranar ƙarewa. Littattafai su yage, a yi wa malamin da aka horar canjin wurin aiki, aji ya koma gidan jiya.

Ita ma hukuma ba ta tsaya a magana ɗaya ba. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka amince a kai harshen uwa har aji shida. A watan Nuwambar 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce a koyar da Turanci. Malamin ƙauye dai abin da ya saba shi yake yi: ya rubuta da Turanci, ya yi bayani da Hausa, jarrabawa kuma ta zo da Turanci. Ɗan Fulanin da ya taso da Fulfulde a ruga, shi harsuna biyu ne ma ke gabansa. Don irinsa aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989, amma rikicin 'yan bindiga a dajin Rugu ya tarwatsa rugage da yawa tare da karatun 'ya'yansu.

Lissafi da tara

A darasin lissafi aji ya fi rai, domin akwai abin taɓawa. Kowane yaro da 'yan tsakuwoyinsa a aljihu, ko marafan kwalba, ko guntayen kara da aka ɗaure goma-goma da zare. Da su ake koyon tarawa da ɗebewa, da dalilin da ya sa ake “aro” daga gidan gomomi.

A nan ma akwai abin lura. Yarinyar da ke tallan awara, in ka sayi ta naira 350 ka miƙa mata 500, kafin ka rufe baki ta ba ka canjin 150. A rubuta mata 500 a sama, 350 a ƙasa, a ja layi, sai ta tsaya tana kallon allo. Lissafin yana kanta, alamominsa ne ba a haɗa mata da abin da ta sani ba. Malamin da ya gane haka yakan mayar da gaban aji kasuwa: wannan mai gyaɗa, wancan mai saye, a yanka takarda a matsayin kuɗi, in an gama ciniki a rubuta shi a allo. Darasin da aka yi haka ba ya bukatar bulala.

Sai a kaɗa tara, a fita hutu. Aji ya fashe kamar an buɗe wa awaki ƙofar garke. A gindin bedi masu talla sun jeru da ɗan wake da dafaffen rogo da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da rake, a lokacinsu kuma ga goruba da magarya da aduwa. Mai naira 50 ya saya, marar ko sisi ya tsaya kusa da abokinsa. Maza su shiga langa ko ƙwallon da aka dunƙula da tsumma da leda, mata su zana 'yar gala-gala a ƙasa ko su zauna carafke. Inda babu rijiya ko famfo a makaranta, ƙishirwa ce ke kora yara gida, wanda ya je gida kuma sai a ga an aike shi.

A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka ƙara zuwa 100, matan gari ne ke dafawa. Inda abincin ya riƙa zuwa, azuzuwa sun cika, har da ƙannen da ba su isa shiga makaranta ba. Shirin ya yi ta tsayawa yana tashi, a farkon 2024 kuma aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi na tarayya. Ya dai nuna abu ɗaya a fili: yunwa tana cikin masu rage awannin aji. Bayan tara, a makarantu da yawa, kusurwar allo ba ta ƙara yin daidai da kawunan da ke zaune.

Mai riƙe da alli

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a firamare yanzu ita ce NCE, kuma da yawa daga malaman wannan yanki a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina suka yi ta. Albashinsu daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, hukumar SUBEB ta jiha ce ke kula da su, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kuma shi ne na kusa. Gine-gine da kayan aiki yawanci daga asusun hukumar UBEC ta tarayya suke fitowa, wanda doka ta ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa.

Malamin da ba ɗan gari ba ne yana zuwa a babur daga Safana ko wani gari mai nisa. Tun da kuɗin mai ya tashi a 2023, zuwa kullum ya zama lissafi, ga kuma sauraron labarin hanya kafin a fito. In malami ɗaya bai zo ba, na kusa da shi ne zai haɗa aji biyu: ya ba wannan aikin kwafa, ya bar monita da tsumagiya da takardar rubuta sunayen masu surutu, ya tsallaka wancan. Malamai mata sun yi ƙaranci a ƙauyuka, alhali ganin malama a makaranta na cikin abin da ke sa uwa ta bar 'yarta ta kai aji shida. An yi ta toshe giɓin da matasan N-Power na tarayya daga 2016, da na S-Power na jiha a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa kuma ya ɗauki malamai sama da 7,000 bayan hawansa a 2023. Ɗauka abu ɗaya ne, samun wanda zai yarda ya zauna a bakin daji wani abu ne daban.

Abin da shekara ke ci

Yadda yini ke zaizayewa, haka shekara. Zangon farko yana farawa a Satumba, daidai da kaka: girbin gero, cirar gyaɗa, roron wake, sannan dawa. Zango na biyu yana faɗawa cikin hunturu, ajin da ba shi da marfin taga kuwa ba ya zaunuwa da sassafe, sai a fito da yara hantsi. Zango na uku yana haɗuwa da saukar damina, da shuka da firi da maimai, lokacin da magidanci ke bukatar kowane hannu a gona, rafi kuma in ya kawo ya raba wasu unguwanni da makaranta. Ranar kasuwa aji rabi ne. Zazzaɓin cizon sauro yana kwasar nasa kason daga Agusta zuwa Oktoba.

A kan wannan tsohon lissafi aka ƙara sabo. A 2020 cutar korona ta rufe makarantu tun daga Maris har tsawon watanni. Ba a daɗe da komawa ba, ranar 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana 6, gwamnatin jiha kuma ta rufe makarantu. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Safana da Batsari. A Nuwambar 2025, bayan sace ɗalibai a jihohin Kebbi da Neja, Katsina ta sake rufe makarantun gwamnati. Waɗannan su ne rufewar da aka sanar a rediyo. Akwai wadda ba a sanarwa: daren da aka kwana ana jin harbi, washegari ba uwar da za ta saki ɗanta, ƙauyen da ya watse gaba ɗaya, ajin da ya zama masaukin 'yan gudun hijira. Yaron da ya koma wani gari yakan shiga sabon aji ba takarda, ba wanda ya san inda karatunsa ya tsaya. Karatun ɗan aji biyu kuwa ɗanye ne, in aka yi wata uku ba a taɓa shi ba sai an koma baya.

Abin da ke hannun gari

Tsaro da albashi da manufar harshe sun fi ƙarfin mutanen Babban Duhu. Amma wasu daga cikin mintocin da ke zubewa a hannunsu suke. Kowace firamare tana da kwamitin SBMC, inda mai unguwa da liman da iyaye maza da mata ke zama da hedimasta. Inda kwamitin ke aiki, ana ganin bambanci a ƙananan abubuwa. A daidaita da malaman allo su sallami yara da wuri. A roƙi iyaye a ɗage talla zuwa bayan an tashi. A ajiye randa ko jarka a ƙofar kowane aji, don kada ƙishirwa ta kai yaro gida. A ba baƙon malami ɗaki a cikin gari. Hedimasta kuma ya sa malaminsa mafi ƙwarewa a aji ɗaya da biyu, maimakon al'adar da ake bi ta ajiye gwani a aji shida saboda jarrabawar shiga sakandare, a bar ƙanana da wanda ya rage. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Uba ma yana da hanyar binciken da ba ta bukatar sufeto. Katin sakamako na iya cewa yaro ya zo na biyar, littafinsa kuma ya cika da rubutu mai kyau, duk wannan ba ya nuna ya iya karatu. A samu wani ya rubuta gajeren saƙo da Hausa wanda yaron bai taɓa gani ba, ko a buɗe masa saƙon waya, a ce ya karanta, sannan ya faɗi abin da aka ce. Ko uban bai yi boko ba, kunnensa zai gaya masa ko Hausa ce ke fitowa. In ɗan aji uku ya kasa, lokacin zuwa wurin hedimasta ya yi, a tambaya cikin mutunci: “Malam, yaron nan kullum yana zuwa, me ya rage?” Makarantar da iyaye goma suka yi wa wannan tambaya a zango ɗaya dole ta sake duba yadda take kashe awanninta biyar. Babi na gaba zai bi waɗanda suka tsallake wannan mataki zuwa aji shida, da abin da ke sa 'yan mata ke raguwa a hanya.